Akwati Mai Ƙafa Uku: Tarihin Dabarun Masu Hoto a Karkara

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa lokacin da na'urar ɗaukar hoto ta shigo ƙasar Hausa a hannun Turawan mulkin mallaka, talaka ya fara kallonta da tsoro, daga baya kuma ya mayar da ita tasa.

Bayan samun 'yancin kan Nijar a 1960, buƙatar takardun shaida ta sa masu hoto suka riƙa bin kasuwannin karkara irin na ƙasar Tasawa da Mayahi, inda Tchaké take. Kayan aikinsu akwatin katako ne mai ƙafa uku. Babu lantarki, don haka rana ce fitilarsu. Mai hoto zai buɗe murfin gilashi, ya ƙirga daƙiƙu a zuci, ya rufe, sannan ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a nan take. Hoton farko kan fito a juye, baƙi ya zama fari, sai ya sake ɗaukarsa don kama ta daidaita.

Rashi ne ya haifi dabara. Zanen atamfa a jikin katanga ya zama shimfiɗar baya, aron agogo, rediyo ko keke kuwa ya mayar da manomi ɗan birni. Wannan salo ne ya ɗaukaka Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. A Yamai kuma, Philippe Koudjina ya fita daga shago, ya bi matasa wuraren rawa cikin shekarun 1960, yana kama su da dare cikin walwala. Da aka bai wa Malick Sidibé na Mali babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007, duniya ta yarda cewa wannan sana'a fasaha ce.

Masu hoton ƙauye ba su sami wannan suna ba. Duk da haka, aikinsu na nan cikin adakokin tsofaffi, yana nuna kitso, tsagar fuska da ɗinkin da aka daina. Gara da damina suna cinye shi kowace shekara. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su iya sake ɗaukar waɗannan hotuna da wayar salula, su rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun masu gane su suna raye.