Daga sandar masassaƙi zuwa manhaja: tarihin cike giɓin lissafi

Duk wanda ya auna abu sau goma ya san abin da ya faru a wurare goma ne kacal. Abin da ke tsakaninsu kuwa sai an ƙiyasta. Wannan aiki na cike giɓi tsoho ne: a 1687 Isaac Newton ya kawo hanyar yinsa a littafinsa Principia, domin gano inda tauraro mai wutsiya yake a ranakun da ba a hango shi ba.

Masu ƙera jiragen ruwa a Turai suna da tasu dabarar. Sukan ɗauki siririyar sanda mai lanƙwasuwa, su danne ta da dunƙulen dalma a kan alamomin da suka yi, sai ta lanƙwashe ta ba su layi mai santsi. Sunanta da Turanci “spline”, kuma sunan ya bi lissafin har yau.

A 1901 Bajamushe Carl Runge ya nuna wani abin mamaki. In aka ɗaure dukkan ma'aunai masu tazara iri ɗaya da dogon tsarin lissafi guda, ƙara yawansu na iya ɓata sakamako, layin ya riƙa tsalle sama da ƙasa a bakin iyaka. Mafita ita ce a gutsuttsura layin, kowane gutsure da nasa ɗan lissafin, sannan a haɗa su. Isaac Schoenberg, haifaffen Romaniya da ya yi aiki a cibiyar binciken sojan Amurka da ke Aberdeen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya kafa tushen wannan a 1946. A 1978 Carl de Boor ya fitar da littafin jagora haɗe da manhajojin Fortran.

Sai dai injiniya ba tsayin layi kaɗai yake nema ba. Yana son gangararsa, wato saurin da abu ke sauyawa, kamar yadda ake fitar da gudun mota daga nisan da ta ci. A nan ne ƙaramin kuskure ke girma. A ce wurare biyu suna da tazarar mita ɗaya, kowane awo da kuskuren milimita ɗaya: gangarar za ta iya kaucewa da milimita 2 a kowace mita. In tazarar ta koma santimita ɗaya, wannan kuskuren dai zai ninka sau 100. Layin zai yi kyau a ido, alhali gangararsa ta lalace.

Saboda haka aka samu hanyoyi daban-daban, kowace da abin da ta sadaukar. Spline mai daraja ta uku ta fi santsi, amma taɓa awo ɗaya yana motsa layin gaba ɗaya, ko da yake tasirin yana raguwa da nisa. A 1970 Hiroshi Akima ya kawo hanyar da ke fitar da gangarar kowane wuri daga maƙwabtansa biyu na kowane gefe kawai. A 1980 Fritsch da Carlson suka tsara wadda ba ta barin layi ya sauka inda ma'aunai ke hawa, asalin manhajar PCHIP. Farashinta shi ne lanƙwasar layin tana iya sauyawa farat ɗaya a mahaɗa, don haka ba a dogara da ita wajen auna yadda gangarar kanta ke sauyawa.

Yau MATLAB da SciPy suna ɗauke da waɗannan hanyoyi, kuma umarni ɗaya ya isa a kira kowacce. Dukkansu za su ratsa ma'aunan daidai, amma su ba da gangara mabambanta. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Takardar bayanin manhaja ce kaɗai ke faɗin wace hanya aka bi, me aka ɗauka a bakin iyaka, kuma zuwa wane mataki santsin ya tsaya. Masassaƙin jirgi yana jin turjiyar sanda a hannunsa in ya matsa mata fiye da kima. Mai amfani da manhaja ba shi da wannan ji, sai abin da marubutanta suka rubuta, in ya tsaya ya karanta.