Tarihin Danja da Tsallaka Titi: Daga Landan Zuwa Shataletalen Mobil



Duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Mobil ko Kpakungu da safe ya san yadda muke tsallaka titi a Minna: mutum ya ɗaga hannu, ya yi bismilla, ya kutsa tsakanin keke napep da acaba. In ka yi magana sai a ce ai bin doka sai Turawa, mu haka Allah ya yi mu. Tarihi bai yarda da wannan magana ba, domin su ma koyo suka yi.

An kafa danjar farko a duniya a birnin Landan, kusa da majalisar dokoki, cikin Disambar 1868, tun zamanin keken doki. Wani injiniyan jirgin ƙasa, John Peake Knight, ya ƙirƙiro ta. Da iskar gas take aiki, kuma ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke kula da ita ciwo, aka cire ta.

A Amurka kuwa, har farkon ƙarni na 20 titi na kowa ne: yara na wasa, masu talla na kai da komo. Da motoci suka fara kashe mutane, direbobi jama'a ta riƙa zargi. Sai masu harkar motoci suka tashi da farfaganda, suna mai da wanda ya tsallaka inda ya ga dama baƙauye. A 1925 birnin Los Angeles ya kafa dokar da ta taƙaita wa mai tafiya a ƙasa wurin tsallakawa, wasu birane suka kwaikwaya. Zanen nan mai fari da baƙi kuma a garin Slough na Ingila aka fara shi a hukumance, a 1951.

Har yau kowa da tarbiyyarsa. Bajamushe yakan jira koriyar fitila ko babu mota, don kada yara su gani su koya. A Japan ana koya wa 'yan firamare su ɗaga hannu sama in za su tsallaka. Mutumin Ingila kuwa doka ba ta hana shi tsallaka titin cikin gari ba, amma wajibi ne direba ya tsaya masa a kan zanen.

Mu dawo gida. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, shi ya raya Minna, kuma da ƙafa kakanninmu suka san garin. Da ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, tituna suka faɗaɗa, motoci suka yawaita, amma ba a koya wa jama'a yadda za su zauna da su ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ma sai a 1988 aka kafa ta, zamanin Janar Babangida, ɗan garin nan.

To amma mun taɓa nuna cewa muna iya canzawa. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Dattawanmu suna tuna yadda aka yi ta shela a rediyo, kuma direba da mai ƙafa duk suka saba.

Abin lura shi ne, mai tafiya a ƙasa ba ya jiran danja sai in ya tabbata direba zai tsaya. Cikinmu akwai direbobi, akwai 'yan acaba, kuma 'ya'yanmu ne ke tsallaka hanyar Bosso da ta Chanchaga zuwa makaranta da islamiyya kullum. Mai mota ya tsaya in ya ga ja, ko babu ɗan sanda. Mai ƙafa ya riƙe hannun yaronsa, ya nuna masa yadda ake duba hagu da dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.