Daga Rajista Zuwa Kwamfuta: Tarihin Rubuta Bayanin Majinyaci a Ƙasar Tsafe

Tambayar da ke gabanmu ita ce: domin wa ake rubuta bayanin majinyaci?

A zamanin En'e, malamin disfensare a garuruwa irin su Tsafe da Bunguɗu ya dogara ne ga rajista: suna, ciwo, magani. Shi ke rubutawa, shi ke karantawa. Daga bisani, wajen shekarun 1960, Dokta David Morley ya ƙirƙiro katin awon yara a Imesi-Ile, cikin ƙasar Yarabawa. Uwa ke riƙe shi, kuma da kallo ɗaya nas take gane ko yaro na ƙiba ko ramewa.

Al'amari ya sake bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya, daga 1985 zuwa 1992. An ɗora kiwon lafiya na matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, takardu kuwa suka yawaita: ta rigakafi, ta awon ciki, ta rahoton wata. A shekarun 2010 Nijeriya ta ɗauki manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita, watau alƙaluma su tashi daga ƙauye zuwa Tsafe, Gusau, har Abuja. Wannan ya taimaki masu tsara manufa, amma jimla yake ɗauka, ba tarihin mutum ɗaya ba.

Yanzu ana batun sa katin majinyaci kansa cikin kwamfuta. Amurka ta riga mu da dokarta ta 2009, sai ga wani bincike na 2016 ya nuna likitocinta na ɓata kusan awa biyu a kan kwamfuta da takardu bisa kowace awa guda ta ganin majinyaci. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

A karkararmu, inda likita ya yi ƙaranci, sau da yawa nas ko jami'in lafiya, irin waɗanda Kwalejin Lafiya ta Tsafe ke yayewa, shi ke dubawa, shi ke ba da magani. Saboda haka, ya ku masu sa hannu a takardun saye, ku auna kowace manhaja da ma'aunin katin Morley: ta yi aiki ko babu lantarki da intanet, kada ta sa nas rubutu sau biyu, ta kuma nuna tarihin majinyaci da kallo ɗaya. Wadda ta kasa wannan, lokacin majinyaci take ci.