Tufafin Sanyi na Yara a Jos: Tarihinsu Daga Zamanin Kuza Zuwa Zamanin Gwanjo

Tufafin sanyi na yara, wato suwaita da hular ulu da safa da kwat da shawul ɗin goyo, a sauran biranen Arewa kaya ne na 'yan makonni, da zarar hunturu ya wuce sai a mayar da su adaka, amma a Jos sun zama sutura ta kusan rabin shekara. Dalilin harhaɗa wannan bayani shi ne, marubutan da suka tsara tarihin garin, Turawa da 'yan ƙasa, sun ƙarar da tawadarsu a kan kuza da sarauta da siyasa, abin da ya shafi yara kuwa sai dai a tsinto shi a gefen zance, alhali kuwa duk wanda ya bi sawun rigar yaro a garin nan zai ga ta ratsa ramin kuza da tashar jirgi da makarantar mishan da kasuwar Katako.

Ƙasa da yanayinta

Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa sun kai wajen mita 1,800. Sanyinta iri biyu ne. Akwai ɗarin hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 10 da dare, wani zubin ya yi ƙasa da haka. Akwai kuma sanyin marka na Yuli da Agusta, mai hazo da yayyafi da laima, wanda iyaye mata suka fi tsoro saboda wanki ba ya bushewa.

Kafin zuwan Turawa

Mutanen da suka daɗe a kan tudun nan, Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, galibin suturarsu fata ce da ganye, jariri kuma akan goya shi cikin fatar akuya. Jami'an mulkin mallaka sun yawaita zancen tsiraicin waɗannan al'ummu, sai dai hukuncinsu ya gaza, domin sun dubi jiki sun manta da gida. Kariyar yaro tana cikin ginin kansa: ɗaki ƙarami mai ƙanƙanuwar ƙofa, da wuta wadda ba ta mutuwa har asuba, da shingen ƙerana da ke tare iska, da mai da ake shafe jiki da shi.

Hausawa kuwa, waɗanda suka san kuza tun da daɗewa a Liruwen Kano da Liruwen Delma, inda ake narka ta tun kafin Bature ya ji labarinta, al'adarsu ba ta yi nisa da wannan ba. Yaro yana da bante, in ya tasa a yi masa taguwa ko 'yar shara. Yarinya tana da zane. Da dare kowa ya shige gwado ko luru. Mai jego tana kwana a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, tana wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa har arba'in, jinjiri kuma yana bayanta cikin zane da majanyi, an shafe shi da man kaɗanya saboda kaushi. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun ambaci tufar ɗari da tufar zafi a babin nafaƙa, saboda haka suturta iyali gwargwadon lokaci wajibi ne sananne a kan maigida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tufar kanta, domin saƙi na hannu yana da tsada, kuma an yi shi ne don yanayin Kano da Zazzau.

Zamanin kuza, 1902 zuwa 1945

A 1902 kamfanin Neja ya aiko George Nicolaus ya binciki inda kuzar da ake gani a kasuwanni take fitowa, sa'an nan injiniya H. W. Laws ya biyo baya a 1903, ya kafa sansani a Naraguta a 1904. Akwai saɓani a kan shekarar da za a lissafa a matsayin mafarin garin, wasu suna riƙe da 1904 saboda sansanin Laws, wasu kuma 1915 lokacin da hukuma ta tsara unguwanni. Ga mas'alar tufafi dai, shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1914, lokacin da ƙaramin jirgin ƙasa na Bauci, wanda ya taso daga Zariya, ya iso tudun, domin kafin wannan duk bargon da ya shigo a kan ɗan dako ko bayan jaki ya zo. A 1927 kuma babban layin dogo daga Fatakwal ya iso ta Kafancan, kayan Ingila suka riƙa sauka kai tsaye daga bakin teku.

Tun daga wajen 1910, da kamfanoni suka yi rububin filayen haƙa, dubban leburori suka riƙa kwararowa daga Kano da Zariya da Bauci da Barno da Sakkwato, wasu 'yan cin rani, wasu da iyalansu. Barikokin da aka gina musu bukkoki ne na ciyawa a fili fetal, ba shinge, ba inuwa, itace kuma ya yi wuya saboda an sare dazuzzukan da ke kusa. Nan ne tsohuwar dabara ta gaza, domin wutar da ta raya yaro a ɗakin kakanninsa ba ta samuwa a bariki sai da kuɗi, aikin kuma na cikin ruwa ne, mata da yara suna ɗaukar ƙasa a kwanon sarki suna wanke ta tun sanyin safiya. Albashin da ake biya mako-mako ya sa bargon kanti da tsohuwar kwat ta Bature suka zama abin da lebura yake fara saye, kantunan John Holt da na kamfanin Neja, wanda ya shige cikin kamfanin UAC a 1929, da na Kwarori suka cika da su. Yaro dai ba a yi masa kayan sanyi na musamman ba a barikokin. Abin da uba ya gama da shi ake kai wa tela ya rage.

Mafi munin abin da sanyin tudun ya yi shi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai gwamnati ta ɗora wa En'e-En'e tilas su kawo mutane, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, aka yi ta yinsa har 1944. An kwaso dubun-dubatar manoma daga ƙasashe masu zafi, aka sauke su a kan tudu da rigar da ke wuyansu, ga ƙarancin abinci, ga rashin matsuguni na kirki, cututtukan ƙirji suka yi musu ɓarna, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti. Bill Freund, a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuza, ya bi takardun hukuma ya fito da wannan al'amari fili. Waɗanda suka tsira suka koma gida sun tafi da labarin, sunan Jos ya zama tagwaye da ɗari a bakin mutanen Arewa, har ta kai matar da za a kai aure can akan haɗa mata da bargo a cikin kayanta.

Mishan, saƙa da makaranta

Rigar sanyi da aka yi don yaro tun asali ta shigo ne ta hannun mishan. Ƙungiyar mishan ta SUM, wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, ta buɗe asibitin Vom a 1922 da makarantun Gindiri a 1934. Wata ƙungiyar mishan, SIM, ta mayar da hedkwatarta Jos a 1923. A 1942 kuma mishan na 'Yan'uwa ya buɗe makarantar Hillcrest domin 'ya'yan ma'aikatansa. Matan mishan da sistocin Katolika sun koyar da ɗinki da saƙar ulu, sana'ar ta bazu ta hanyar Zumuntar Mata da azuzuwan kula da gida, har ta shiga gidajen kulle na Musulmi, inda ta dace da matan da ke neman abin yi a cikin gida. Daga nan aka samu kayan jariri da aka sani har yau, hula da safa da 'yar suwaita da shawul, waɗanda akan saƙa da kwarashi a kai wa mai jego ranar suna.

 Saƙar da ta kafu a garin ta fi bin salon Ingila.

Abin da ya mayar da suwaita larura shi ne makaranta. Muddin yaro yana iya zama kusa da murhu har hantsi, zane da mai sun ishe shi. Amma da ƙararrawa ta wajabta masa tsayuwa a fili da ƙarfe bakwai da rabi, dole ɗumin ya bi shi a jikinsa. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya fitar da yara da yawa a lokaci guda, suwaita mai launin makaranta ta zama ɓangaren yunifom, masu saƙa da inji suka samu kasuwa. Almajirai su ne suka ci gaba da tsohon tsari, suna karatun asuba a gefen wutar kara.

Gwanjo

Cinikin tsofaffin tufafin Turai ya fara ƙarfi a kudu maso gabas, inda ake kiransu da sunan garin Okirika, 'yan kasuwar Abiriba da Aba suka riƙe shi. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da su tun shekarun 1970 domin kare masaƙu, irin su masaƙar Kaduna ta 1957 da masaƙar UNTL ta 1964, sai kayan suka koma sauka a Kwatano da Lome, suna shigowa ta kan iyaka, wani kaso kuma ta Maraɗi. Faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a Oktoban 1985, da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira, sun haɗu sun raba ma'aikacin Jos da kayan kanti. Masaƙun Kaduna, waɗanda dama atamfa da yadi suke yi, ba kayan ulu ba, sun durƙushe a 2002 da 2007.

A Jos cibiyar wannan ciniki ita ce kasuwar Katako, sai Taminus da Bukuru. Kayan suna zuwa a dila, galibi mai kilo 45 ko 55, an ware na yara daban, an kasa su daraja-daraja. Ranar fasa dila masu shaguna ne suke fara zaɓe, su kwashe lamba ɗaya, ragowar a zube a ƙasa ga mai ƙaramin ƙarfi. Wani abin lura shi ne, kwat mai kauri da ke kwantai a Legas da Fatakwal a nan take samun mai saye, saboda haka dillalai suke turo dilolin kayan sanyi tudun tun watan Oktoba.

Kayan Sikandinabiya

Mafi yawan gwanjon Nijeriya daga Ingila da Amurka da Sin da Koriya yake, rabon Suwidin da Norwe da Denmak kaɗan ne, amma mai duba wuyan riga zai riƙa cin karo da sunayen kamfanonin ƙasashen, irin su H&M da Lindex da KappAhl da Name It, jefi-jefi da Polarn O. Pyret mai ratsi-ratsi, wanda ya fito a 1976, ko Reima na Finlan. Ƙungiyoyin agaji ne suke tattara su a can, kamar Fretex a Norwe da Myrorna a Suwidin da UFF wadda aka kafa a Denmak a 1977; abin da ya fi ƙarfin shagunansu sai a sayar wa masu tantancewa a Polan da Lituweniya, daga nan wani kaso ya nufo Afirka. Ana gane su da alamu biyu. Awonsu na tsawon yaro ne da santimita, 56, 62, 68, 74 har sama, saɓanin na Ingila da ke bin watanni da shekaru. Sau da yawa kuma akan tarar da sunan yaro a rubuce a ciki, wani lokaci biyu ko uku an soke na farko, saboda gidajen renon yara na can suna neman a sa wa kowace riga suna, rigar kuma ƙane yana gadonta daga wa.

Ƙarkon waɗannan kaya yana da asali a rayuwar iyali ta ƙasashen. Suwidin ta ba uba da uwa hutun haihuwa tare tun 1974, bayan hutun kuma yawancin yara suna wuni a gidan reno, inda ake fitar da su wasa kullum ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, jarirai ma akan bar su su yi barcin rana a waje cikin keken turawa. Don haka suke tufatar da yaro hawa uku, ulu a jiki, mai laushi a tsakiya, mai hana ruwa da iska a waje. A nan maƙasudin ya sha bamban: su suna sa wa yaro kaya domin su fitar da shi, uwa a Jos kuwa, wadda take ɗaukar sanyi a matsayin cuta mai shiga ƙirji, tana sa masa kayan kuma ta hana shi fita. Shi ya sa hawan ciki da na tsakiya suka fi karɓuwa a Katako, rigar ƙanƙara mai haɗe da wando kuwa sai a tsakiyar muku-muku.

Bayan 2002

Babbar kasuwar Jos, wadda aka buɗe a 1985, ta ƙone a Fabrairun 2002, 'yan gwanjo suka bazu a titunan Taminus. Rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da faɗuwar naira daga 2023, sun ɗaga kuɗin dila ƙwarai, sababbin kayan roba na Sin kuma suna gogayya da ita a araha, ko da yake ba su kai ta ƙarko ba. Saƙar hannu ta rage a kayan suna, saƙar inji a yunifom.