Saki a Baki, Aure a Takarda: Daga Zangon Salaga Zuwa Layin Biza

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau daga gidanmu zan fara. Akwai wani yayana, ɗan baffana, da muka tashi tare a Bukkuyum. Ya tafi Amurka karatun digiri na biyu, ya auri wata 'yar can, ta dalilinta ya samu katin zama na dindindin, wanda muke ce wa girin kad. Zama bai yi daɗi ba, ya sake ta. Bayan 'yan watanni ya aiko aka nema masa wata yarinya a Gummi, aka ɗaura aure, har da ni a masu rabon goro da alawa. Yanzu ana neman shekara biyu ke nan amarya tana ɗakin mahaifiyarta. Ita ba budurwa ba, ba bazawara ba, kuma ba ta tare ba. Ran nan gwaggonmu ta tsare ni a zaure, ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini, wanga wane irin aure na? Mutum da matatai, sai wani Bature ya ba shi izni?"

Tambayarta ce ta mayar da ni ga tarihi, domin mu mutanen wannan yanki ba yau muka fara aure a ƙasar wasu ba.

Da yawanmu ba mu san cewa Gummi tana da suna a fataucin goro ba. A ƙarni na 19 manyan fataken goro na ƙasar Hausa rukuni uku ne: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Su Kambarin Barebari asalinsu Borno, amma Gummi ce cibiyarsu kafin da yawa daga cikinsu su koma Kano. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, ya ƙetare kogin Kwara, ya yi wata da watanni kafin ya isa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau. A can ake sayo goron da ya fito daga dazukan Asante.

To, farke in ya sauka, wa yake tsaya masa? Maigida. Shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa lamuni in zai ci bashi. In zama ya yi nisa kuma aka ga hankalinsa, sau da yawa ta hannun maigidan zai samu mata. In auren ya mutu, malamin zango da dattawa sun sani, shi ke nan. In ya so ya sake aure, ko ya ɗauko wata daga gida a ayari na gaba, babu ofishin da zai je. Haka zangunan Hausawa suka cika, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da jama'a suka watsu zuwa Kumasi da Kete Karachi da Ankara. Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne fa. Akwai bayi a cikin ayarin, kuma ba kowace mace ake tambaya ko tana son tafiyar ba. Amma shaidar aure da ta saki a bakin mutane take, kuma ta wadatar.

Ranar da takarda ta nuna wa Hausawan zango ƙarfinta ita ce 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar Gana. Dubun-dubatar mutane suka kwashe, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin Sakkwato ko Kano ba. Mutum ya auri 'yar ƙasa, sun hayayyafa, amma auren da liman ya ɗaura bai zame masa izinin zama ba. Wasu matan suka biyo mazansu, wasu suka tsaya da 'ya'ya. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka yi wa baƙi irin wannan kora.

Yanzu bari mu bi yayana zuwa Amurka, don can ne aka fi ƙidaya wa mutum aurensa. Tun 1891 dokar shige da ficensu ta hana masu auren mace fiye da ɗaya shiga ƙasar. Ku riƙe wannan, zai dawo. Sai a 1986, zamanin Ronald Reagan, majalisarsu ta yi dokar hana auren bogi, saboda zargin cewa wasu suna aure ne kawai don su samu takarda. Dokar ta ce wanda ya samu kati ta hanyar sabon aure, katin wucin gadi na shekara biyu za a fara ba shi. Ta kuma ce in ya rabu da wadda ta samo masa katin, ba za a amince ya ɗauko wata matar daga waje ba sai katin ya cika shekara biyar. Mafita biyu ce kawai: ko matar farko rasuwa ta yi, ko kuma ya kawo hujja ƙarara cewa auren farkon na gaskiya ne. Hujjarsu kuwa ba "wallahi ina son ta" ba ce. Takardar haya mai sunan su biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, takardun haraji, hotuna, shaidu. Yayana ya zauna da matar nan tsakani da Allah, amma bai taɓa tunanin ajiye rasit ba. Kanada ma ta kafa irin wannan shinge na shekara biyar a watan Maris 2012.

Wannan ma da sauƙi, don lokaci yana warware shi. Babban ƙullin shi ne sakin.

A wurinmu miji ya furta, ko ya rubuta a 'yar takarda, idda ta cika, aure ya ƙare. A Amurka kuwa kotu ce ta san ƙarshen aure. Yayana ya furta saki a ɗakinsa, aka shigar da ƙara kotu kamar yadda dokarsu ta ce, amma alƙali bai sa hannu ba sai bayan an riga an shafa fatiha a Gummi. Tazarar ba ta kai wata biyu ba. A shari'armu babu ko ɗigon matsala, domin ko bai saki ta farkon ba yana da damar ƙarawa. A idon hukumarsu kuwa, ranar da aka ɗaura na Gummi yana da mata, don haka aure na biyu bai ɗauru ba. Kun ga inda 1891 ta dawo. Ingila ma haka take: dokar iyali ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasar ba saki ba ne sai kotu ta yanke shi, ko da a gaban limamin masallaci aka yi.

Har a gida akwai wannan tarko. Wasu 'yan'uwanmu, don biza ta yi sauƙi, sukan je rajista su ƙara ɗaura auren gwamnati a kan na masallaci. Auren rajista a Najeriya yana ƙarƙashin dokar aure ta 1914, mace ɗaya ya yarda da ita, kuma bisa dokar 1970 babbar kotu ce kaɗai take raba shi. Takardar saki daga kotun shari'ar Musulunci, irin waɗanda muke da su a Zamfara tun 2000, tana da amfani ƙwarai ga auren da aka ɗaura a Musulunce, amma ba ta kwance na rajista. Sannan ga al'adarmu ta waliyyi da wakili. In ango yana waje aka ɗaura, dokar Amurka ba ta ɗaukar su miji da mata sai an nuna sun haɗu sun tare bayan ɗaurin.

Wanda kuma ya ɗauko matar farko daga gida suka rabu a can, shi nasa nauyin daban ne. Tun dokar 1996, takardar da ya sa wa hannu cewa zai ɗauki nauyinta alkawari ce da za a iya kai shi kotu a kanta, kuma saki ba ya goge ta. Tana kansa har sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. In ya zo ɗauko ta biyu, da ta farkon za a lissafa a ga ko samunsa ya kai. Ni a nan ban ga laifinsu ba, gaskiya. Yarinyar da aka ɗauke daga Anka aka kai ƙasar da ba ta da kowa, bai kamata a yar da ita a titi don an hango sabuwa ba. Maigidan zango ma ai lamuninsa ba ya ƙarewa don ya yi fushi da baƙonsa.

Kafin mu zagi Turawa, laifi tudu ne. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya wannan dama ba. Ƙanwarka ta auri mutumin Maraɗi, shi baƙo ne. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a ta ƙi gyara wannan, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta.

Na koma na yi wa gwaggo bayani iya iyawata. Lauyan yayana ya ce sai ya dawo gida da takardar kotun can a hannu, a sake ɗaura aure yana nan, a karɓi shaida mai sabon kwanan wata, a sake cike takardu daga farko, sannan a jira ranar da za a kira amarya ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Mahaifin yarinyar ya ce shi bai san yadda ake ɗaura aure a kan aure ba, sai ya tambayi malamai. Ya kuma ce in damina ta wuce bai ga ango a ƙofar gidansa ba, zai kira baffana su zauna.