Tsawon Zaman Ruwa a Matsayin Ma'aunin Sauyin Amfani da Ƙasa a Dausayin Haɗeja-Nguru

Tsakure

Maƙalar ta duba ma'aunan ruwa da ake gina samfurin lissafi a kansu don bayyana yadda gona ke komawa fadama, ko makiyaya ta koma gona, a dausayin Haɗeja-Nguru da ke tsakanin Jigawa da Yobe. Matsayarta ita ce yawan ruwan sama da nisan fili daga kogi ba su wadatar ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne watannin da ruwa ke yi a kan fili, da lokacin janyewarsa.

Gabatarwa

Kogunan Haɗeja da Jama'are ne ke shayar da dausayin kafin ruwansu ya gangara Komadugu Yobe. A da, ambaliya kan cika fadamu a ƙarshen damina, a noma shinkafa; ruwa na janyewa a shuka wake a kan danshi, makiyaya su sauko da rani. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan ƙofofin madatsa suka shiga cikin masu tsara wannan kai-komo.

Dabarun Bincike

Ana raba yankin gida-gida a kan taswira, a tantance amfanin kowane gida daga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda suka faro tun 1972. Sai a gwada sauyin da ma'auni huɗu: ruwan sama, nisa daga kogi, zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da tsawon zaman ruwa.

Tattaunawa

Ma'aunin nisa ya fi sauƙin samu, shi ya sa manazarta ke yawan jingina da shi, amma a nan yana yaudara. Ruwan da ake saki daga madatsun da rani ya hana magudanai bushewa, ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta tare laka, ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana. Ruwa ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru. Don haka gonaki biyu masu nisa ɗaya daga bakin kogi, wannan ta nutse shekara da shekaru, waccan ta ƙeƙashe. Samfurin da ya dogara da nisa zai yi musu hasashe iri guda. Kachalar ma maɓoyar janbaki ce, tsuntsun da kan sa manomi ya haƙura da shinkafa ko da filinsa bai nutse ba. Wannan dalili kuwa hoton tauraron ɗan'adam ba ya nuna shi, sai an tambayi manoma.

Zurfin ruwan ƙasa ya ƙara nauyi bayan shirin Fadama na farko a shekarun 1990, da ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa suka yawaita. Inda ruwa ke kusa, noman rani ya cinye makiyaya da burtali. Saboda haka ya kamata a raba lissafin zango-zango: kafin Tiga, tsakanin madatsun biyu, da bayan Challawa, domin nauyin kowane ma'auni ya bambanta a kowane zango.