Labarin Dandalin Ƙofar Fada a Tambuwal da Kebbe

Garin Tambuwal yana bisa hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, Kebbe kuwa tana kudu da shi, wajen gulbin Zamfara. Baƙon da ya sauka a ɗayansu, in ya tambayi inda jama'a ke taruwa su sha iska, ba wani lambu mai shinge da kujerun ƙarfe irin na Turawa za a nuna masa ba. Ƙofar fada za a kai shi, watau filin nan da ke gaban gidan Sarki, wanda ake kira dandali. Ga yadda aka yi ya samu, da abin da ya tsare shi.

Sa'ad da Allah ya ba jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo nasara a jihadin da aka soma a 1804, sai aka raba riƙon ƙasa biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi na Gwandu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Sarkin Musulmi Bello ya dage wajen kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, a ɗora musu wani daga gidan Shehu. Tambuwal ta zama mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, zuriyarsa kuwa ita ta gaji sarautar garin.

To, garin ribaɗi ba ya yiwuwa sai da fili a tsakiyarsa. In an buga tambari, a nan mahaya ke haɗuwa, a nan ake duba dawakai da lifidi, daga nan kuma ake fita. Abin ya ƙara tsanani bayan 1849, da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, Argungu ta zama ƙaya ga Sakkwato da Gwandu shekaru da yawa. Saboda haka filin da yara ke wasa a cikinsa yau, asalinsa wurin shirin yaƙi ne.

Amma fa da zaman lafiya ya samu, ba a yanka shi an raba ba, dalili kuwa yana cikin shari'a. Malam Abdullahi ya wallafa littafi a kan sha'anin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da fili ke zama na wani: ko mutum ya raya mataccen wuri da noma ko gini, ko shugaba ya yanka masa, ko wurin ya zama harimi, ko shugaba ya keɓe shi domin amfanin jama'a. Harimin gari shi ne abin da mutanen gari ba su wadatuwa sai da shi, kamar makiyaya da wurin itace da hanyar rafi. Kowa yana da rabo a ciki, ba wanda ya isa ya killace shi shi kaɗai. Abin da Hausawa ke kira hurumi ke nan. Dandali ma haka hukuncinsa yake, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a jinginar da shi. In wani ya turo katangarsa ciki, ƙara ta je gaban alƙali, ba takarda ake nema ba, dattawan unguwa ake kira su faɗi inda iyaka take tun suna yara. Wannan shaida tana da ƙarfi ƙwarai, illa dai tana bin masu ita kabari.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga nan aka tsara ƙasa gunduma-gunduma a ƙarƙashin En'e, kowace da uban ƙasa zaune a garinsa. Sai aikin ƙofar fada ya sāke. A nan hakiman ƙauyuka ke kawo haraji da jangali kafin a wuce da su Baitulmali, a nan ake tarbar Di'o in ya zo rangadi, masu ƙara kuma su zauna a inuwa suna jiran kira. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, akan ga mutum ɗaya mai boko yana karanta labarin yaƙin Hitila, ashirin suna saurare. Daga baya motar majigi ta riƙa zagaya garuruwan lardi, ta kafa farin ƙyalle bayan isha, a nuna tsabta da noman auduga da gyaɗa.

Ko inuwar wurin ma tana da tarihinta. Itatuwan dā su ne durumi da ceɗiya da tsamiya. Dogon yaro baƙo ne, asalinsa ƙasar Hindu, a Barno aka fara dasa shi wajen 1928, sa'an nan ma'aikatan gandun daji na En'e suka baza shi a titunan garuruwa, don yana jure fari, yana kuma saurin girma. Yanzu ya cika ƙasar har yara na tsammani tun fil azal yana nan.

Da dare kuwa, in akwai farin wata, wurin ya koma hannun 'yammata da samari, ana gaɗa, ana kalangu, da kaka kuma a yi kokawa da dambe. Malamai ba su taɓa son wannan cakuɗa ta maza da mata ba, Shehu kansa ya yi wa'azi a kanta. Akan hana, abin ya lafa, bayan 'yan shekaru ya komo. Ran salla dai ba gardama, kowa da kowa na nan ana kallon hawa.

Zamanin siyasa, tun daga shekarun 1950, jam'iyyar da ke son yin lacca sai ta nemi izni daga En'e, 'yan NEPU kuwa sun sha wuya wajen samunsa a lardin Sakkwato. Ba laifi a faɗi wannan a cikin littafin tunawa da ma'aikata, tun da yake haka aka yi.

A 1968 gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e, a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta, daga baya aka yanke Kebbe daga Tambuwal ta sami tata. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Tun daga nan takarda ta fara rinjayar bakin dattijo. Mai shago ko mai rumfa yana iya zuwa da takardarsa da hatimi a kanta, alhali dandali, da yake ba na kowa ba ne, ba wanda ke tashi ya nemo masa tasa. Ba kuwa a rana ɗaya ake cin irin wannan fili ba. Tebur ake fara ajewa, a bi shi da rumfar kwano, in damina biyu ta wuce ba wanda ya yi magana, sai a kawo bulo.